Abin da Mantuwar Kakarka Ta Koya Mini

Romi, Kaduna.

Ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka lafiya, ka kuma tarar da mutanen da aka tura ka wurinsu cikin salama. Zan miƙa maka ita a tasha ranar Asabar, amma kada ka buɗe sai ka isa ka huta.

Ka san ni ba gwanin magana ba ne. Shekara talatin ina fama da katako da zarto, bakina bai saba da dogon bayani ba. Amma shekaranjiya muna cin tuwo ka ce ƙauyen da aka ba ka aikin fasto na farko kusan duk tsofaffi ne, samari sun watse zuwa birni, har ka yi dariya ka ce sandunan dogarawa za su fi littattafan waƙa yawa a cocin. Mu ma mun yi dariya. Daga baya na zauna a shago na kasa aikin komai, domin na san a cikin tsofaffin nan za ka tarar da irin kakarka Saratu, na kuma san ba mu taɓa faɗa maka gaskiyar abin da ya faru a gidan nan ba. Shekaru huɗun da ta yi tana ciwo kana makarantar kwana, daga can ka wuce makarantar tauhidi. In ka zo hutu sai mu gyara fuska, mu ce Kaka ta gaji ne. Kai ka san ni a matsayin dattijon coci. To, yau ina so ka san kurakuran da dattijon nan ya yi wa uwar da ta haife shi, don kada ka maimaita su a kan iyayen wasu.

Ka tuna ta lokacin da take da ƙarfinta. Ita ce ke sayar da citta da acca a kasuwar Sabon Tasha, kuma shekara goma sha biyu tana shugabancin zumuntar mata. Ba ta iya karatu ba, amma ka faɗi lambar waƙa kawai, za ta ɗauko ta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Lokacin da aka rufe masaƙar da nake aiki, na dawo gida da hannu biyu, ita ce ta kama hannuna ta kai ni wurin wani kafinta ɗan cocinmu, ta ce masa ga ɗalibi, ko da yake ya yi gemu. Ban taɓa ganin abin da ya girgiza bangaskiyar matar nan ba, har rasuwar kakanka. Shi ya sa da abin ya fara ban gane ba.

Da ƙananan abubuwa ya fara. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta tambaye ka abu, ka amsa, kafin ka juya ta sake tambaya. Sai wata rana ta tare ni a ƙofar gida tana huci, ta ce mamanka ta sace mata zanen zumunta, wanda take ɗaurawa ranar taro. Bayan kwana biyu ta ce ɗankwali ma ya ɓata, sannan takalmi. Ishaya, da kunya nake rubuta wannan: na yarda. Ban ce wa mamanka ɓarauniya ba, amma na shiga ɗaki na tambaye ta da wata irin murya, na ce uwata ba ta taɓa yin ƙarya ba. Mamanka Hannatu ta dube ni kawai. Kusan wata guda muna zaune gida ɗaya kamar baƙi. Ranar da aka zo ƙarshen buhun masara, sai ga zanen da ɗankwalin da takalmin a naɗe a ƙasan buhun, Kaka ce ta ɓoye su da hannunta don kada a sace, ta manta. Mamanka ta kakkaɓe su, ta wanke, ta goge, ta kai mata ta ce ga shi an samu. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har yau.

Saboda haka in tsohuwa ta kawo maka ƙarar surukarta ko jikarta, ta ce ana mata sata ko ana zuba mata wani abu a abinci, ka saurare ta da ladabi, domin tsoron da take ji na gaske ne. Amma kada ka yanke hukunci a ranar. Ka je gidan, ka zauna, ka lura. Sau da yawa wadda ake zargi ita ce wadda ke wanke mata kaya.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ciwo. Da abin ya yi nisa, kullum wajen ƙarfe huɗu na yamma sai Kaka ta share ƙofar ɗakinta, ta ajiye kujera da ruwa a kofi, ta ce Bitrus ya kusa dawowa daga aiki. Kakanka kenan, wanda a lokacin ya shekara tara a kabari. Ni kuwa ina taƙama da cewa Kirista ba ya ƙarya. Sai in tsaya a kanta in ce Baba ya rasu, mun binne shi a gida, ke ma kina wurin. Sai ta zuba mini ido, ta tambaya yaushe, me ya same shi, don me ba wanda ya faɗa mata. Sannan ta fashe da kuka irin na ranar farko. Washegari ta manta, ta sake share ƙofa, ni ma in sake faɗa mata. Na sa uwata ta yi makokin mijinta ya fi sau ashirin, ina ganin gaskiya nake tsarewa.

Wata rana na dawo da wuri na tarar da su biyu a ƙofar ɗakin. Kaka ta tambayi mamanka ko Bitrus ya dawo. Na tsaya bayan labule in ji ƙaryar da za ta yi. Sai na ji ta ce, "Mama, kina kewarsa ko? Ba ni labarin ranar da ya fara zuwa gidanku." Kaka ta kama dariya, ta rufe baki da gefen zane kamar budurwa. Ta ba da labarin yadda ya zo da keken aro, ya faɗi a gaban mahaifinta, wandonsa ya yage a gwiwa. Labarin da ni ɗanta ban taɓa ji ba. Kafin ta gama, lokacin jiran ya wuce, ta sha ruwan da ta ajiye masa, ta shiga ɗaki ranta fari. Hannatu ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ba ta kuma soke ta da gaskiyar da ba za ta iya riƙewa ba. Ni da nake tsayawa gaban jama'a ina karatu ranar Lahadi, a bayan labule na koyi wannan daga matar da ta tsaya a aji shida.

Kai ma za ka gamu da irin wannan tambaya. Kada ka yi gaggawar gyara musu kwanan wata da sunayen matattu. Ka nemi abin da ke ƙarƙashin tambayar. Galibi kewa ce, ko tsoro, ko neman wanda zai zauna kusa.

Na uku shi ne kunya, kuma ita ta kusa hallaka ta. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi Kaka ta miƙe daga bencin mata, ta taka har gaba, ta juya ta fuskanci jama'a, ta fara tafa hannu tana kiran mata su tashi, a zatonta ranar zumunta ce. Da masu tsaron ƙofa suka zo kama ta sai ta fusata, ta zagi ɗayansu da kalmar da ban taɓa ji a bakinta ba. Na fitar da ita ina jin idon kowa a bayana. Kafin sati ya zagayo magana ta bazu a unguwa. Wasu suka ce aljanu ne. Wasu, har da matan da ta yi wa wankan jego da hannunta, suka ce maita ce ta fara tona kanta. Maimakon in tsaya mata, sai na tsorata. Wani ya kwatanta mini gidan addu'a a bayan gari, na ɗauke ta na kai ba tare da na shawarci fastonmu ba. Mutumin wurin ya sa ta azumin kwana uku, tsohuwa mai shekara kusan tamanin. Suka kewaye ta suna ihu a kunnenta, suna cewa ta faɗi sunayen waɗanda ta ci. Ita kuwa sai waige-waige take tana kiran sunana. A rana ta biyu ta yanke jiki ta faɗi.

Mamanka ce ta zo da keke mai ƙafa uku, ba ta nemi izinina ba, ta ɗauke ta sai asibiti. A can wata likita ta zaunar da mu bayan an yi gwaje-gwaje, ta ce abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ido ke dushewa ko gwiwa ke lalacewa. Ta ce ba ya warkewa, zai riƙa ƙaruwa, amma kulawa da natsuwa suna rage wahalarsa ƙwarai. Ta tambaya wa ya hana tsohuwar nan abinci. Na sunkuyar da kai.

Ɗana, na gaskata da addu'a, kai ma ka sani. Amma addu'ar da ke sa mara lafiya rawar jiki don tsoro, ka guje ta. In ka ji an fara kiran wata tsohuwa mayya a ƙauyen nan don tana surutai ko tana yawo, kai ne fasto, kai za ka fara zuwa ka zauna a tabarmarta ka ci abinci a kwanonta kowa na gani. Ka kuma matsa wa 'ya'yanta su kai ta asibiti. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Ko bayan bayanin likita kunyar ba ta sake ni ba. Na ƙara sakata a ƙofar gida da hannuna, na hana a kai ta coci, in baƙi sun zo in ce tana barci. Wata takwas uwata ba ta taka waje ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ranar Lahadi da safe tana jin ƙararrawa, tana jijjiga ƙarfen.

Wata Talata da hantsi mai kawo ruwa ya bar ƙofar a buɗe, mamanka tana bayan gida tana shanya. Kafin a ankara Kaka ta fice. Muka bi Romi lungu-lungu, muka je kasuwar Sabon Tasha wurin tsohon teburinta, muka duba har bakin rafi. Sai bayan azahar wayata ta yi ƙara. Hajiya Balaraba ce, maƙwabciyarmu ta dā a Unguwar Mu'azu, inda muka zauna kafin gari ya rikice mu tattara mu dawo wannan ɓangaren, kana goye a lokacin. Cigiya ta yi har ta samo lambata. Har yau ban san yadda Kaka ta shiga mota ta kai can ba. Ta je ta tsaya a ƙofar tsohon gidanmu tana ƙwanƙwasawa, ta ce wa mutanen ciki su buɗe mata ɗakinta. Yara sun fara taruwa, sai Hajiya ta leƙo ta gane ta, bayan kusan shekara ashirin.

Da na isa na tarar da su a tsakar gida kan tabarma ɗaya. An yi wa Kaka wanka, an ba ta zane, tana shan fura, suna hirar mutanen da rabinsu sun mutu. Hajiya tana biye mata kamar jiya suka rabu. Da na fara ba da haƙuri ina cewa ai kulle ta muke yi, kuskure aka samu, sai Hajiya ta ajiye ludayi. Ta tuna mini cewa matar nan ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta uku, ita ce kuma ta zauna da ita kwana bakwai lokacin da mijinta ya rasu. Sannan ta ce, "Yakubu, Saratu ce fa. Ita kake kullewa kamar akuya? In ta yi muku nauyi ka kawo mini ita." Na kama hannun Kaka muka fito. A cikin keke muna dawowa Kaka ta yi ta murmushi, ta ce yau ta je unguwa.

Lahadin da ta biyo muka kai ta coci. Mamanka ta zauna da ita a bencin baya kusa da ƙofa, in ta gaji su fita su zagaya su dawo. Na tashi a gaban ikilisiya na faɗi sunan ciwon, na faɗi abin da likita ta ce, na kuma roƙi gafara a kan abin da na yi. Bayan an tashi mutum uku suka same ni a gefe, kowannensu yana da tsoho a kulle a gida. Ka ga, kunyata ba uwata kaɗai ta cuta ba. Ka yi wa irin waɗannan wuri a cocinka. In tsoho ya yi magana a tsakiyar wa'azinka, ka dakata, ka amsa masa da fara'a, ka ci gaba. Wa'azin ba zai lalace ba.

Na huɗu ya shafi aikinka kai tsaye. A shekara ta uku ƙafafunta suka gaza, magana ma ta ragu. Hausa ta zube mata, ta koma yaren Bajju na ƙuruciyarta, shi ma guntu-guntu. In an ce a yi addu'a sai ta yi ta kallon bango. Na tambaye ta wata rana ko ta san wane ne Yesu, ta dube ni kamar na tambaye ta hanyar Legas. Abin ya tsaya mini a rai. Na riƙa tambayar kaina ko bangaskiyar da ta riƙe shekara sittin ta zube tare da sauran abubuwa, in kuwa ta zube, ina makomarta.

Ana cikin haka Baba Yohanna, tsohon faston da ya yi ritaya yana zaune a bayan layinmu, ya zo da 'yar jakarsa zai ba ta Jibin Ubangiji. Na tare shi a falo na ce ina ganin bai dace ba, domin ba ta san abin da ake yi ba. Tsohon ya zauna, ya cire tabarau ya goge. Ya tambaye ni ko ranar da aka yi mini baftisma na gane zurfin abin da ake yi mini, na ce a'a. Ya tambaya ko yanzu na gama ganewa. Sai ya ce, "Ai ba riƙon da ta yi wa Yesu ne ya cece ta ba, riƙon da ya yi mata ne. Hannunta ya gaji, nasa bai gaji ba. Tashi mu shiga."

Muka shiga. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujera, ya fito da gurasa da ƙaramin ƙoƙo, bai yi dogon karatu ba. Kaka tana ganin farin ƙyallen sai ta fara lalube a kan gado, hankalinta a tashe. Na zaci fitsari take ji. Mamanka ce ta gane, ta miƙa mata ɗankwali. Matar da ta manta sunan ɗanta ba ta yarda ta karɓi Jibi da kai a buɗe ba. Ta ɗaura shi da kanta, a karkace, ta haɗa tafin hannu biyu ta miƙa kamar yadda ta saba. Da ta ci ta sha, Baba Yohanna ya ɗauko wata tsohuwar waƙa a hankali. Bai kai ƙarshen layin farko ba ta karɓe. Muryar ta shaƙe, amma baiti huɗu ta yi ba ta ɓata kalma ɗaya ba, har tana ɗaga yatsa tana ba mu lokacin shiga amshi. Na juya na fuskanci bango don kada a ga fuskata.

Tun daga ranar nan mamanka, wadda 'yar Kagoro ce ba ta jin yarenmu sosai, ta bi tsofaffin matan coci ta koyi waƙoƙin Bajju guda shida. Da su take mata wanka, da su take ba ta magani. In Kaka ta ƙi buɗe baki, waƙa ce ke buɗe shi.

Don haka kada ka auna bangaskiyar mutum da amsar da zai iya ba ka. An koya muku tambayoyi da amsoshi a makaranta, suna da amfaninsu, amma akwai ɗakin da za ka shiga su zama ba su da aiki. Ka tafi da waƙar da mutumin ya sani tun yana yaro, da gajeriyar addu'a, da yarensa in ka iya. Ka zauna daidai tsayinsa, kada ka tsaya a kansa. Ka faɗi sunanka duk zuwa, ko da jiya ka zo. Kada kuma ka ce ziyarar banza ce tun da zai manta. Kaka takan manta wanda ya zo kafin ya kai bakin titi, amma daɗin zuwan yakan zauna a fuskarta har yamma.

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda na fi jin nauyinsa. Ranar da na shiga gaishe ta ta ja zane ta rufe jiki, ta ce wane ne wannan mutumin, a fitar da shi, wani abu ya karye a cikina. Na daina shiga ɗakin. In fita da sassafe, in daɗe a shago ko ba aiki, in dawo in tambaya daga bakin ƙofa ko ta ci abinci. Na yi fushi da Allah, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Ina cewa a raina, matar da ta bauta maka haka, da wannan za ka sallame ta? Wata biyar ina jagorantar addu'a a coci, a gida kuwa ban durƙusa ko sau ɗaya ba. Duk wannan lokacin mamanka ce ke ɗaga ta, ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ta wanke zannuwan da ta ɓata sau uku a yini. Kaka ta cije ta a hannu, tabon na nan har yanzu. Ta bar sana'ar ɗinkinta, ta daina zuwa biki da suna. Uwar wani ce fa, wadda ta taɓa kiranta ɓarauniya. Ni kuwa ko sannu ban cika ce mata ba.

Sai da zazzaɓi ya kwantar da mamanka, bayanta kuma ya riƙe, dole ta sa na ɗauki kwanon kunu na shiga. Ina ba ta, rabi a baki rabi a zane. Kaka ta yi ta kallona. Da muka gama na goge mata baki, sai ta kama hannuna, ta yi magana da Hausa tsaf, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Yaron nan kana da kirki. Ɗan gidan wa ne kai? In ka koma ka gaishe da uwarka, ka ce ta iya tarbiyya." Sannan ta ɗora hannu a kaina ta sa mini albarka, irin wadda takan sa wa baƙo in ya taimake ta da kaya a kasuwa.

A nan fushina ya ƙare. Ba ta san ni ba, amma halin da Allah ya gina a cikinta yana nan daram, tana yi wa baƙo addu'a da abin da ya rage mata. Na gane ina ta kukan a san ni ne, alhali abin da aka kira ni in yi shi ne in san ta. Daga ranar ni ke ba ta kunun safe har ƙarshe. Ta rasu da damina, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, mamanka na riƙe da hannu ɗaya ina riƙe da ɗaya.

Ban sami amsar dalilin da ya sa Allah ya bar ta ta bi ta wannan hanya ba, kuma ba zan ƙirƙira maka wata ba. Kai ma in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka zauna tare da mai tambayar. In wani ya ce maka yana fushi da Allah, kada ka tsawata masa, mai fushi da Allah bai riga ya bar shi ba. Kuma duk gidan da ka shiga duba mara lafiya, ka nemi wadda ke wahalar jinyar, yawanci tana bayan gida wurin wanki. Ka tambaye ta yaushe rabonta da barci mai kyau. Ka tsara wa matan zumunta da mazan coci su riƙa karɓarta ko na yini ɗaya ne a sati. Mazan ma, ka faɗa musu daga bakina cewa ɗaukar kwanon kunu ba ya rage wa namiji komai.

Na yi zama da fastoci da yawa, na ji wa'azi iri-iri, amma ban ga wanda ya nuna mini Almasihu kamar mamanka ba. Yanzu haka da nake rubutun nan tana tsakar gida tana daka maka yaji, tana faɗan cewa ba ka da bargo mai kauri. Ba ta san abin da nake rubutawa ba, in ta sani za ta ce in yage. Ranar da ka fara dawowa hutu, ka zauna kusa da ita ka yi mata godiya a madadina da naka, domin ni na yi ta gwadawa bakina yana gazawa.

Ubangiji ya kiyaye ka a hanya, ya tsare motar da direbanta, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Ya ba ka haƙuri da tsofaffin da za ka yi wa hidima, ya ba su ƙaunarka. Ya tsare fitarka da shigarka a ƙauyen da ba ka san kowa ba, ya dawo mana da kai lafiya. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka kira mu da zarar ka sauka, ka san mamanka ba za ta sa komai a baki ba sai ta ji muryarka.

Ni ne mahaifinka,
Yakubu.